Eriyar Motar Marasa Lafiya

Rogo, 4 ga Satumba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Goggo da kowa a Unguwar Hajji. Yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi.

Na iso lafiya, na kuma ga motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙungiyar manoma, wadda ka sa wa rediyon oba-oba bara. Direbanta Uwais ya nuna mini leɓensa. Duk sanda ya danna zai yi magana sai makirufo ya ƙone shi, fitilun gaban mota su riƙa rawa, a ofis kuma ba sa jin komai sai ƙara. Makon jiya ya yi ta kira daga wani ƙauyen da babu sabis, da mai naƙuda a bayansa, ba wanda ya gane inda yake. Allah ya sa ta sauka lafiya.

Shugaban ƙungiya, Malam Abdulmutalib, yana so a cire kayan a kira wani daga Kano. Na roƙi kwana biyu. Ka kwantar da hankalinka, Baba. Wuta ce take biyo bayan wayar eriya ta dawo cikin mota, kuma ba yau na fara ganin irinta ba.

Taka,
Safara'u

Rogo, 7 ga Satumba

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, aiki ya kammala, alhamdu lillahi.

Na yi ta juya yadda zan faɗa maka, na ga gara ka ji daga bakina. Da na kwance gindin eriyar sai na tarar ba a kankare fentin wurin ba, ƙarfenta bai taɓa ƙarfen mota ba sam. Kai da kake sa ni in kankare har sai wuri ya yi ƙyalli. Na daɗe zaune a saman motar. A nan na gane tun bara idon ya fara, ka ɓoye mana.

Na kankare, na ɗaure tam, na zura wayar cikin baƙaƙen zobban nan masu tare wuta, na janye ta daga wayoyin batir. Uwais ya tafi can bayan gonakin gyaɗa ya kira, muryarsa ta fito tar.

Malam Abdulmutalib ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa gaskiya. Sai ya ce in gaishe ka, in kuma duba sauran motocinsu biyu.

Baba, hawa saman mota ya zama nawa daga yau. Amma kunnenka ya fi nawa, ina bukatarsa. Ranar Asabar bayan la'asar ka kunna oba-obar shago, zan kira ka daga nan. In ka ji ƙara ko kaɗan, kada ka raga mini.

'Yarka,
Safara'u