Batirin da Ya Zo Ta Tsamiya

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Motata ta lalace.

Da hantsi aka kawo Batulu, matar wani masunci, asibitinmu na Bahindi. Naƙuda ta yi tsawo, yaro ya zo a gicce. Shekaruna a aikin ungozoma sun isa in san abin da ya fi ƙarfina. Na kwantar da ita a kujerar baya, ƙanwarta ta riƙe mata kai, muka kama hanyar babban asibitin Bagudo. Ruwan jiya ya cika kwarin nan na bayan gonakin shinkafa. Masu kabu-kabu sun yi cirko-cirko a baki, ɗaya yana ɗaga mini hannu: "Malama, kar ki shiga!" Na waiga, na ga idon Batulu ya fara juyewa. Na shiga. Ruwa har cikin mota, na ji sanyinsa a ƙafata.

Mun haye. An yi mata aiki, namiji, duk suna lafiya. Alhamdu lillahi.

Sai a hanyar gida wata jar alama ta fito a gaban sitiyari, injin ya kama gurnani ba ya hutawa. Motar da ko kaji ba sa jin zuwanta. Da jan ciki ta kai ni ƙofar gida.

Ban kira mijina, Baban Mashkura, ba tukuna. Shi ya aiko mini da ita daga Kwatano bara, daga garejin sayar da motocin da yake wa aiki. Motar ta iso, shi bai biyo ta ba.

Talata, 8 ga Yuli

Namadi bakanike ya zo. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya goge hannu a wando.

"Hajiya, ƙaramin batir lahiya lau. Babban ne, na ƙarƙashin kujerar baya. Wanga kam ban taɓa shi, wutarshi kisa take."

Ya ce irin waɗannan motocin haibirid, masu haɗa fetur da batir, sai masu kwamfuta. Akwai wani Abdulganiyu a Birnin Kebbi.

Bayan la'asar na kira Baban Mashkura. Na faɗa masa komai, har da ruwan. Ya ce, "Ke fa? Ba abin da ya same ki?" Muryarsa ta ɗan dushe, ko mura ce. Ya ce garejinsu ya ba batirin garanti na shekara guda, sai ƙarshen Agusta zai ƙare. Sharaɗi: kada kowa ya buɗe shi, kuma a mai da motar wurinsu.

"Zan zo in ɗauke ta da kaina."

Haka ya ce. Da kaina.

Laraba, 9 ga Yuli

Na faɗa wa Inna, mahaifiyarsa. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. "Allah shi kawo shi." Amma na ga ta tsince ƙwaya mai kyau ta jefa cikin tsakuwa.

Asabar, 12 ga Yuli

Abdulganiyu ya zo Bagudo wani aiki, Namadi ya biyo da shi. Bai buɗe komai ba, na tsaya a kansa. Waya kawai ya soka a ƙarƙashin sitiyari yana duba kwamfutarsa. Ya ce batirin ba guda ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne jere kamar sabulu a kwali. Wasu sun mutu, kuma da alama danshi ya shiga.

Hanya uku, in ji shi. Sabon batir daga Legas, wanda kuɗinsa ko a nan ba zan rubuta ba. Ko na hannu, daga motar da ta yi haɗari, in an dace da mai kyau. Ko ya buɗe wannan ya sauya matattun ƙwayoyin, ta tashi cikin mako, amma ba ya rantsuwa za ta kai baɗi.

Na ce akwai garanti.

Ya ɗan murmusa. "Madam, garanti da ruwa ba sa shiri. Ki dai tambaya da kyau."

Ban ji daɗin murmushin ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Kabu-kabu zuwa Bahindi, kabu-kabu dawowa. Farin kayan aikina sun koma ruwan ƙasa.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na wanke motar duk da ba inda za ta. Mashkura ta shiga ta zauna a mazaunin direba tana juya sitiyari, wai za ta Kwatano ɗauko Baba. Na tambaye ta yaya kamanninsa suke. Ta yi tunani, ta ce, "Yana cikin waya."

Tana da shekara uku ya tafi. Yanzu ta shiga ta biyar.

A aljihun gaba har yanzu akwai ɗan ƙyallen da babanta ya goge gilashi da shi kafin ya ba direba ya kawo. Ba ya ƙanshin komai yanzu. Na dai shinshina.

Laraba, 23 ga Yuli

Ba wannan makon ba. Maigidansa ya yi tafiya, shi aka bar wa gareji.

Talata, 29 ga Yuli

Yau wata mata daga ƙauyen bakin kogi ta zubar da jini bayan haihuwa. Babu mota. Muka yi ta neman a-kori-kura, daga ƙarshe a ta masu shinkafa aka kai ta, a kan buhuna, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa sama da kaina. Ta rayu, amma da ƙyar.

Mariyamu, ƙanwar Baban Mashkura, ta same ni ina wanke hannu a gida. Ba ta iya ɓoye magana.

"Anti Sa'a, ki ba mutumin Birnin Kebbi ya gyara mana. Mi kike jira?"

Na ce garanti.

"Garanti ko Yaya?"

Na ce ta miƙo mini sabulu.

Gaskiya ta faɗa. In aka buɗe batirin nan, me zai zo ɗauka? Na bar mata suna hawa buhun shinkafa saboda ina son mijina ya shigo ta ƙofar nan ya ce a ba shi ruwa. Allah ka yafe mini. Amma ko yanzu da nake rubutawa ban kira Abdulganiyu ba.

Litinin, 4 ga Agusta

An ƙi.

Maigidan ya dawo, ya duba hoton abin da kwamfuta ta nuna, ya tambayi Baban Mashkura kai tsaye ko motar ta shiga ruwa. Ya ce eh. Shi ke nan. Garanti na batirin da ya mutu don kansa ne, ba wanda aka jiƙa ba.

"Ba zan yi masa ƙarya ba, Sa'a. Kuma da ni ne a motar, da na shiga."

Na ce ba komai. Na ce haka ya kamata. Sai na ce, "To, zuwan fa?"

Na ji ana kiransa da Faransanci a bayansa. Ya ce zai kira ni.

Ko ɗigon hawaye ban yi wa batirin ba. Wannan kuwa na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Inna ta ji.

Juma'a, 8 ga Agusta

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na yi wa Abdulganiyu waya, na ce ya zo ya buɗe, ya sauya ƙwayoyin. Ya ce sai mako mai zuwa.

Laraba, 13 ga Agusta

Baban Mashkura ya kira! Ina tsakiyar awon ciki, na bar mata a benci na fita bayan asibiti.

Wai duk kwanakin nan yawo yake a wuraren da ake farfasa motocin haɗari. Ya samu irin tawa, an daki gabanta, bayanta lafiya, batirin bai daɗe ba. Ya sa an gwada a gabansa. Ba zai ba direba ba, kada a jefa shi ƙarƙashin kaya ko ruwa ya taɓa shi. Zai biyo wata babbar mota da za ta zo Segbana, can ɓangaren Benin, ɗaukar kaya, ya ƙaraso iyaka, Tsamiya, ranar Asabar. Amma a ranar motar za ta juya, dole ya bi ta. Ba zai iso Bagudo ba.

Na ce, "Ko kwana ɗaya?"

"In na kwana, aikin ya tafi."

Na dakatar da Abdulganiyu. Na aika a kira mai lalle.

Alhamis, 14 ga Agusta

Inna ta ce da ita za a je. Na ce gwiwarki fa, hanyar nan bayan Ka'oje duk ramuka ce. Ta ce, "Da gwiwar na haihe shi?" Na ce to. Raina ya so in je ni kaɗai. Kunyar kaina ta kama ni.

Na soya kifi, na daka yajin daddawa, na yi dambun nama. Inna ta dama fura tun yau, Mariyamu ta ce za ta yi tsami kafin Asabar, ta ce ta sani, gwaji take.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban san ta ina zan fara ba.

Namadi ya kai mu a a-kori-kurar ƙaninsa. Mun haye gadar Tuga kogi ya cika ya batse, ja wur. Mashkura ta yi barci a cinyata, Inna tana jan carbi, kowane rami ta ce "Wash."

Muka same shi a wata rumfa kusa da shingen kwastam, zaune a kan wani abu da aka naɗe da bargo da leda. Ya rame. Ya tara gemu, har da fari-fari a ciki, ba wanda ya gaya mini. Ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa ta kau da fuska tana ce masa, "Tashi, tashi, mutane na kallo."

Mashkura ta ɓuya a bayan zanena. Ya miƙa hannu, ta ƙi. Sai da ya ce, "Mashkura, ba ki gai da Baba?" ta leƙo da ido ɗaya. "Umma, muryar waya ce." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Ni kuwa me zan yi a gaban Inna? "Sannu da hanya." "Yawwa, ya aiki?" Kamar maƙwabta. Na zuba masa abinci ina kallon kwano. Hannunsa kawai nake gani, da wani tabon ƙuna a bayan yatsa wanda ban san shi ba. Mutum ya yi ciwo har ya warke ban sani ba.

Ya yi ta bayani wa Namadi: kada a kwantar da shi ta gefe, kada a taɓa jan marfin nan, a ce wa Abdulganiyu ya share fankar da ke sanyaya shi, ya busar da ƙarƙashin kujera kafin ya ɗaura. Su biyu suka ɗaga shi da nishi, ya kai buhun shinkafa nauyi. Tun daga Kwatano a gefensa ya taho, in ruwa ya sauko ya lulluɓa masa rigarsa.

Sai Inna ta miƙe. "Mashkura, taho ki raka ni in yi alwala. Namadi, nuna muna masallaci." Azahar da saura sosai. Ta tafi tana ɗingishi, ba ta waiga ba.

Muka rage mu biyu, da masu canjin sefa suna ta hayaniya a gefe.

Ya ce, "Kin yi lalle."

Na ce na biki ne. Ya san ƙarya nake.

Na yi niyyar faɗa masa abubuwa da yawa, na shirya su tun a mota. Ba ko ɗaya da ya fito. Na ce, "Ka rame." Ya ce abincin can ba ya zama masa. Ya ce ɗakinsa akwai taga mai kallon wata bishiyar kwakwa, kullum ya buɗe sai ya ce da Sa'a ta ga wannan. Ya ce ba zai yi mini alkawarin Sallah ba, ya gaji da karya alkawari.

"Ke ki zo. Ko mako biyu. Ki ga teku."

Na ce asibiti fa, Inna fa.

Ya ce, "Na sani." Ya kama bakin mayafina, ba hannuna ba, ya riƙe har direbansu ya danna ham daga can tsallake.

Muka kamo hanyar dawowa. Mun kusa Ka'oje Inna ta ce, tana kallon taga, "Ni ba jinjira ce ba. Mariyamu na nan." Ban ma san me ta ji ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Abdulganiyu ya ɗaura. Jar alamar ta ɓace. Ya ce wanda ya zaɓo batirin nan ya san abin da yake yi, zan more shi in na daina mai da mota kwalekwale. Garanti dai babu. Na ce na ji.

Asabar, 23 ga Agusta

Na kai wata mai tagwaye Bagudo. Lafiya lau.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ba wani labari. Ruwa, aiki, awon ciki.

Na tsaya ofis wajen shugabarmu kan maganar allurai, sai hira ta kai mu ga hutun shekara, wai nawa ya taru ban taɓa ɗauka ba. Ta ce Oktoba babu matsi. Na ce tambaya kawai nake.

Da yamma na biya wurin Namadi ya duba tayoyi. Na tambaye shi yaya hanya take daga Segbana zuwa Kandi, hanyar Kwatano, in ruwa ya ɗauke, kuma waɗanne takardu ake nema wa mota a iyaka. Ya dube ni. Na ce wata ce a wurin aiki take son sani.

Tela ya ce ɗinkin Mashkura zai yi sati biyu. Kala uku na ba shi. Yarinya tana girma, dole a yi mata kaya, ba don wani abu ba.