Saƙon Inna da Kawu Ya Ƙi Fassarawa

Boɗinga,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Zayyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya buɗa maka karatun noman da ya kai ka Taiwan, ya maido mana da kai lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Gero ya yi kyau bana, maigidana Malam Isa kuma har ya fara shirin albasa.

Na karanta wasiƙarka sau uku, na sha dariya. Ka ce a da ka ɗauka duk mutanen can harshe guda gare su, sai ka shiga jirgin ƙasa ka ji ana sanarwa da harsuna huɗu: Mandarin na makaranta, da Hokkiyen na gida da kasuwa, da Hakka, da Turanci. Ka ce akwai ƙabilun asali goma sha shida masu nasu harsunan, wasu tsofaffi kuma har Japananci suke ji. Na ga yadda ka cika baki don ka gaida tsohuwa mai sayar da ganye da Hokkiyen ta ƙara maka gyara. Amma inda na daina dariya shi ne labarin malamarku, wadda aka riƙa hora a makaranta in ta yi harshen gida, har kakarta ta rasu ba su taɓa doguwar hira ba. Ka ce ta ba ka tausayi. Yaya, laifi tudu ne.

Ga abin da muka ɓoye maka. Tun da hawan jini ya kayar da Inna a garin Horo Birni, jiki ya yi sauƙi, tana ci tana tafiya da sanda, amma Hausa ta gudu daga bakinta. Fulatanci kawai take yi. Mu kuwa ba wanda ya doke mu muka bar shi. Da kanmu muka riƙa yi mata dariya in ta yi shi a gaban ƙawayenmu. Yanzu ina zaune gabanta kamar baƙuwa, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar Juma'a na kunna mata muryarka a waya. Ka san kai ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunanka ba. To, ta karɓi wayar ta yi magana mai tsawo, na ji sunanka sau biyu da kunnena. Na naɗi maganar, na roƙi ƙanenta Kawu Sodangi ya fassara. Ya saurara, ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Wagga magana ba tawa ta ba, ba taki ta ba. Ta uwa da ɗanta ta. In yana son ji, shi koyo." Na yi magiya har na gaji, ka dai san taurin kan Kawu.

Ban rubuto don in tayar maka da hankali ba. Na tabbata za ka iya. Wanda ya koyi harshen da ake rubutawa kamar tafiyar kaza cikin shekara guda, harshen da ya sha a nono ba zai gagare shi ba. Kawu ya yarda ya riƙa koya maka ta waya duk Asabar, ni ma na fara, har ɗiyata Nana Hauwa ta fi ni. Zan tura maka muryar Inna yau. Kada ka kai wa wani Bafulatani ya fassara maka, in ka yi zan sani. Saura wata bakwai ka dawo, kuma kullum tana zama ne tana fuskantar ƙofa. Ka zo mata da amsa.

Malam Isa da Kawu da Nana Hauwa suna gaishe ka. Ka gaida malamarku, ka ce mata mu tamu tsohuwar tana nan da rai.

Ƙanwarka,
Safinatu