Harajin Gidan Seizo

Zuwa ga maigida Seizo, Baban Sanae,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin gini a Tokyo, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan ƙalau, sai dusar ƙanƙara da ta kai taga. Innarka tana gaishe ka, Sanae kuma ta yi wawulo.

Ta hannun Mikami direban motar dakon tuffa na aiko wannan, don ma'aikatan gidan waya sun shiga yajin aiki. Ambulan ɗin kuɗin da ka saba aikowa bai zo ba, ga harajin gona ƙarshen wata. Ka san tsarin unguwarmu. Tsoho Kasai yake tattara na kowa ya kai hukuma dunƙule, in an biya a kan lokaci a ba mu tukwicin da ake gyaran ɗakin taro da shi. Gida ɗaya ya makara, kowa ya rasa, a kuma karanta sunan gidan a gaban jama'a. Tun zamanin kakanka ba a taɓa karanta namu ba.

Kowa na cewa kuɗin mazajenmu na jibge a buhu a birni. Na yarda. Sai dai na watan jiya ma bai zo ba, kuma a lokacin ba a fara yajin ba. Ka ba Mikami amsa.

Matarka,
Tomie

Baban Sanae,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi bai taɓa ka ba. Inna na tari, amma da sauƙi.

Mikami ya dawo hannu rabbana. Wai ya bar wa mai gadin masaukinku takardata. Na ce ya gan ka? Sai ya hau duba tayar motarsa kamar yau ya saye ta.

Jiya Tsoho Kasai ya zo, ya sha shayi ya ci kabeji mai tsami, sannan ya ce, "'Yata, kar ki damu, ni zan cike naku, in gidan waya ya buɗe kya ba ni." Mutumin da ko ashana ba ya ba da aro! Ruwa ba ya tsami banza. Yana magana idonsa na kan fadamarmu ta bakin rafi, wadda ta yi iyaka da tasa. Na yi godiya, na ce kuɗinka na hanya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Kiwa maƙwabciya. Mijinta ya dawo da karaya, kuma masaukinku ɗaya. Na je dubiya na tambaye shi labarinka, kafin ya buɗe baki ta ce, "Kai, sha maganinka, ba surutu likita ya rubuta maka ba!" Me suke ɓoye mini?

Na kai kimonona, rigar aurena, gidan jingina, na biya. Ba za a karanta sunanka ba. Inna ba ta sani ba, kada ka faɗa mata.

Taka,
Tomie

Baban Sanae,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata lafiyarka ƙalau, ko da yake na rasa wanda zan tambaya.

An janye yajin aiki. Shekaranjiya mai rabon wasiƙu ya hawo da jaka kamar za ta fashe, mata duk muka fito bakin ƙofa. Ya tsaya gidan Kasai, ya tsaya gidan Kiwa, har gidan tsohuwar da ba ta da kowa sai ɗan ƙanwa. Da ya zo namu ya ɗaga hula ya wuce. Na bi shi na ce ya ƙara dubawa. Ya zazzage jakar a gabana, kowa na kallo.

Na ce wa Inna ta hannun Mikami ka aiko. Ta ce ai ta san ɗanta.

Na yi makonni ina tsine wa 'yan gidan waya, ashe rufa mini asiri suke yi. Yanzu da suka dawo aiki ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, kuma tsoro nake ji. In ciwo ne, ka faɗa in zo. In giya ce ko caca, mun ga wanda ya fi haka. In kuma wata mace ce, ka faɗa mini da kanka kafin Kiwa ta gaji da riƙe bakin mijinta.

Wannan karon ta gidan waya na aiko, na rubuta adireshinmu a baya da manyan baƙaƙe. In ba ka nan za su dawo mini da ita, ni kuma zan karɓa a matsayin amsarka.

Matarka har yanzu,
Tomie