Zobban Bishiyar da Ta Faɗi

Litinin, 5 ga Mayu

Na shiga uku. Malamar tarihi ta ce ranar Alhamis ta sama za mu je gandun daji, kuma 'yan aji biyu na firamare za su bi mu. Kowa a ajinmu an ba shi abin da zai yi wa yaran bayani. Ni kututturen bishiya aka ba ni. Minti biyar, a tsaye, a gaban mutane. Da Malama ta kira ni, wata daga baya ta ce, "Malama, rediyon nan fa ba batir." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a kalli idona.

Bara, a taron gama firamare, layi huɗu kacal aka ba ni. Na tsaya kamar an dasa ni har shugaban makaranta ya zo ya karɓi takardar. Maki bai dame ni ba. Irin kallon nan ne ba na so a sake yi mini.

Laraba, 7 ga Mayu

Malama ta ba ni babban hoton kututturen. Wai kowane zobe a jikinsa shekara ɗaya ce. Mai faɗi, an sami ruwa. Siriri, an yi fari. Na ƙirga daga ɓawo zuwa tsakiya sau uku: 112, 109, 112.

Dabara ta zo mini. Zan ba kowane yaro fil mai kai, tunda shekararsu bakwai-bakwai, ya ƙirga zobe bakwai daga baki, ya soka a shekarar da aka haife shi. In suna ƙirga ba za su kalle ni ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Kaka ta same ni a tsakar gida da hoton. Na nuna mata wasu zobba sirara da suka matse juna, wajen na talatin da huɗu daga baki. Ta ce ai shekarar farin nan ce, da kogi ya ƙafe har suna tsallake shi da ƙafa, kuma a shekarar ta haifi Baba. Amma Baba shekararsa arba'in da biyu. Na ce, "Kaka, kin manta ne."

Ta ce, "Ni da na haife shi na manta, itace ne ya tuna? Tashi ki ba ni wuri."

Talata, 13 ga Mayu

Na gwada a ɗaki. Yaya tana kwance a gado, ta ce, "Auta, da wa kike raɗa? Ko bangon bai ji ba." Na ce wa Mama cikina yana ciwo. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ciwon ranar Alhamis ne ya yi sammako?"

Laraba, 14 ga Mayu

Na haddace duka. Ko abincin dare ban ci ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Alhamdu lillahi. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Daga ƙofar gandun muka taka a ƙasa, yara a gaba bibbiyu, mu a baya. Wani dattijo mai koren kaya, ma'aikacin wurin, shi ya ja mu. Waɗanda suka riga ni sun yi nasu, na duwatsu da na tsohuwar rijiya, ban ji ko kalma ɗaya ba. Fil ashirin na cikin ƙaramin gwangwani a hannuna.

Kututturen ya fi tabarmar Kaka faɗi. Ya yi fari-fari, ya tsattsage. Dattijon ya dafa shi ya ce, "Shekara takwas ke nan da guguwa ta kayar da ita, muka yanke muka bar wannan." Sai ya matsa ya ce bismilla.

Shekara takwas! Ni duk zatona zoben bakin nan na bana ne. Ashe bishiyar ta daina ƙirga tun kafin a haifi yaran nan. Ko ɗayansu ba ya ciki.

Na fara abin da na haddace, a hankali, ina kallon takalmina. Na zo daidai "yanzu kowa ya ƙirga bakwai" na tsaya. Na san kallon nan ya fara.

Sai na ji an ja mini siket. Wata 'yar ƙarama mai wawulo. "Anti, ni ina nake?"

Na ce, "Ba kya ciki."

Wallahi kuka za ta yi, kuma ni na jawo. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce mata ba laifinta ba ne, bishiyar ce ta yi gaggawar faɗuwa, ita kuma ta makara da shekara ɗaya. Ta ja hanci ta ce, "To ke fa?" Na cire takwas daga shekaruna sha uku, muka ƙirga biyar tare, na soka fil. Ta ce, "Kai! A bakin ƙofa kike ashe." Yaran suka matso har suna taka mini ƙafa.

Na kai yatsana kan siraran zobban nan, na haɗa talatin da huɗu da takwas a zuciyata. Arba'in da biyu. Sai kawai na ji ina ba su labarin kogin da ya ƙafe, da Kaka tana tsallake shi da jariri. Ɗaya ta tambaya ko jaririn ya rayu. Na ce har ya yi gemu, shi ya biya mini kuɗin mota. Suka yi dariya. Ba irin waccan dariyar ba.

Amma mai wawulo ba ta haƙura ba, fil ɗinta na hannunta. Na juya na ce wa dattijon, "Baba, babu wadda ta tsiro bayan wannan ta faɗi?" Da ƙarfi na faɗa, har ni kaina na tsorata.

Ya nuna da sandarsa. Can gefe, inda rana ta sami hanya, akwai wata siririyar bishiya. Ya ce damina ɗaya bayan faɗuwar ta fito. Na ce, "To ga sa'arku can." Suka ruga. Suka jera suna gwada tsawo, ta ninka su uku. Mai wawulo ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ta fi mu ci." Ta so ta soka mata fil, na ce a'a, wannan tana da rai, tana kan ƙirga nata.

A mota Malama ta ce minti sha biyu na yi. Ban yarda ba. Na yi barci har gida, kaina a jikin taga.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na ba Kaka haƙuri. Ta sa na maimaita a gaban Baba da Mama, sau biyu, wai kunnenta bai ji na farko ba. Ta ce in na koma in gaishe da itacen, tunda shi aka fi yarda da shi a gidan nan.

Na ci kwano biyu.

Litinin, 19 ga Mayu

Malama ta ce wata mai zuwa 'yan aji uku za su je, tana neman mutum biyu su raka su. Ni dai kunnena nake sosawa, hannun ne ya ɗan wuce sama. Ta rubuta ni.

Da aka tashi na wuce ta gaban teburinta, rajistar a buɗe, biro a kai. Ban ce ta goge ba. Na dai tambaye ta shekarar 'yan aji uku nawa.