Kujerata a Bakin Murhu

Boston, Nuwamba 1953

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafarki ta yi sauƙi. Yaya Sorcha da yaranta? Kawu Malachy fa, ya daina zagin masu goge a wurin rawar Asabar?

Ni lafiya ƙalau. Tarin nan ƙurar masaƙa ce kawai, kada ki damu.

Mama, tambaya gare ni. Ranar tunawa da matattu, da maƙwabta suka taru aka jera wa mamatanmu kujeru a bakin murhu, har da tawa kika sa? Na san an yi min zaman makoki da raina kafin in shiga jirgi, kamar duk mai tahowa nan, amma ai al'ada ce kawai.

Ranar, da rana tsaka ina bakin inji, na yanke jiki na faɗi. Sai ga ni a ɗakinmu na gida, zaune kan kujerata a bakin murhu. Kina yanka burodi, kin ɗaure hannun hagu da tsumma. Tsohuwa Bríd maƙwabciyarmu ta dubi kujerun da ba kowa, ta ce, "Bana kam sun cika." Marigayi Baba yana gefena da lofensa. Ya ce, "Kai Fintan, kullum cikin gaggawa! Tashi ka koma. In ka sake zama, ka zauna ke nan."

Na farfaɗo da toka a wandona.

Gaya min gaskiya, me ya sami hannunki? Ga ganyen shayi na aiko, Allah ya ƙara miki lafiya. Kujerar kuwa, don Allah ki ba Kawu ya faskara ta, kada ta kai baɗi.

Ɗanki,
Fintan