Na Gyara Ƙofar Manhaja, Maigidana Ya Daina Yi Mini Magana

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, abin duniya ya ishe ni, kuma duk wanda na fara yi wa bayani sai ya ce wannan ai maganar kwamfuta ce. Wallahi maganar aurena ce.

Ni da maigidana kamfani ɗaya muke aiki, muna gina wa wani mai kamfanin kai saƙo manhaja. Shi ke yin ɓangaren da mutane ke gani a waya. Ni kuma ina baya, wajen babbar kwamfutar da ke karɓar abin da wayar ta turo, ta duba suna da lambar waya da adireshi kafin ta yarda su shiga. Mai gadin ƙofa ke nan, haka ma suke tsokanata a ofis.

Tsarin da muke gini a kansa ya zo da nasa mai gadin, amma ba shi da tausayi ko kaɗan. Ka bar tazara a lambar waya, ya kore ka. Ka rubuta bayan makaranta kusa da famfo a matsayin adireshi, ya ce sai lambar gida, kamar kowa a unguwar masu kuɗi yake zaune. In ya tashi faɗin laifinka kuwa, da yaren injina zai faɗa. Abin ya dame ni, na zauna na rubuta dokokina: a share tazarar, a karɓi kwatance, in kuma mutum ya yi kuskure a gaya masa da lalama inda zai gyara. Garin haka na canza fasalin amsar da kwamfutar ke mayar wa waya. Har alfahari nake yi da aikin, Anti.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun muna amare muka yi doka, ba a maganar aiki a gida, don ya ce ba zai ci abinci da ofis a baki ba. A ofis kuma duk wanda ya canza wani abu sai ya rubuta wa abokin aikinsa, amma mu oga ya ɗauke mana, yana dariya wai ai filo ɗaya muke kwana a kai. A gida na yi shiru saboda doka, a ofis na yi shiru saboda ina ganin kamar na riga na faɗa.

Ranar da aka nuna wa mai kamfanin kai saƙon aikin, maigidana ne a tsaye gaban kowa, ya sha guga. Mutumin ya karɓi wayar ya sa guntuwar lamba da gangan don ya gwada. Manhajar tana jiran tsohon fasalin amsa, sai ga sabo, allon ya yi fari fat. Aka kashe aka kunna, haka. Ina daga ƙarshen tebur ina kallon gumi na bin wuyan rigarsa, na kuma gane abin da ya faru, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Garin neman gira na rasa ido.

Kafin a tashi aiki ya gano tushen abin. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Oga ya tambaye shi, ya ce matsalar daga wajensa take. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ya sha shayinsa a tsaye ya fita, ko a motar da muke shiga tare ya daina jirana. Yanzu a bakin wata abokiyar aikinmu nake jin ya ce wa oga ƙarshen wata zai ajiye aiki, aikin da ya fi so a duniya. Ina tsoron ba ofis kaɗai zai bari ba. Na yi tunanin in goge dokokin nawa gaba ɗaya, ko ni in riga shi ajiye aikin. Ko abinci ba na iya ci. Ina zan sa kaina?

Taki,
Mai Gadin Ƙofa

Ƙanwata Mai Gadi,

Share hawayenki mu yi magana. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mata da miji da suka haɗa gida da ofis.

Aikin da kika yi ba shi da laifi, kada ki goge shi. Mai kwatance da famfo shi ma mutum ne. Laifinki biyu ne, kin canza abin da wani ya dogara da shi ba ki sanar ba, sannan kin bar shi yana gumi shi kaɗai alhali kin sani. Ina jin na biyun ne ya fi ci masa rai.

Shi ma yana da nasa kason. Na tambayi masu sana'arku, sun ce manhajar kirki ba ta suma don ta ga amsar da ba ta saba ba. Gabar da yake yi da ke ma ba gyara ba ce. Amma kada ki kuskura ki fara da wannan. Ki dubi abin da ya yi: an tambaye shi, ya san ke ce, ya ɗauka a kansa. Wanda ya gama da mace ba ya rufa mata asiri haka.

Gobe ki sami oga a gaban waɗanda suka ga abin, ki faɗi yadda aka yi, ba kuka ba kwana-kwana. Ki nemi a daina ɗauke muku rubuta canji, don filo ba ya isar da saƙo. Ki mayar da tsohon fasalin amsar ya yi aiki tare da sabon har maigidanki ya gyara nasa ɓangaren, ku kuma sa gwajin da zai kama irin wannan tun kafin baƙo ya gani. Sai kin wanke sunansa a ofis sannan ki ba shi haƙuri a gida, ki roƙe shi ku sassauta dokar nan. Kada ki ajiye aiki, hasara biyu ke nan.

Ban yi miki alkawarin zai fasa tafiya ba, kunyar da aka sha a bainar jama'a tana daɗewa ba ta warke ba. Amma in ma zai tafi, kada ya tafi da laifin da ba nasa kaɗai ba. Kin zauna kin koya wa na'ura yadda za ta yi wa baƙo bayani da lalama, mijinki kuwa har yau bai ji komai daga bakinki ba. Ki je ki yi masa magana.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya daidaita tsakaninku.

Antinku