Ƙahon Maraba a Duwatsun Su Lan

Zuwa ga Innata, Hajiya Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ladabi irin ta 'ya ga uwa, daga birnin Lyon nake rubuto miki wani labari. Da kina raye, sai kin yi dariya har kin share hawaye da bakin zane.

Kin tuna Lan, 'yar Sin da muka zauna ɗaki ɗaya a Villeurbanne, nan gefen Lyon, wadda kike aiko wa yaji daga Damagaram? Ta yi aure, Inna, kuma na je. Ƙauyensu na can cikin duwatsun da ƙabilun Miao da Tujia ke zaune, ita 'yar Miao ce. Duwatsu ne tsaye kamar taɓare, gajimare na ratsa tsakaninsu. Na yi hawa har gwiwoyina suka yi mini Allah ya isa.

A ƙofar ƙauye mata suka tare hanya suna waƙa, azurfa a ka, azurfa a wuya. Al'adarsu, baƙo ba ya shiga sai an kai masa ƙahon ɓauna baki ya kurɓi giyar shinkafa. Ke kika ce mini, "Wanda ya ƙi ruwan maraba, masu gida ya ƙi." Ke ce kuma kika koya mini abin da ba ya shiga bakin Musulma. Ga uwar Lan ta nufo ni da ƙaho, fuskarta cike da murna, ni kuwa ban san yadda zan ƙi ba tare da na kunyata ta a gaban danginta ba.

Sai ƙanshin citta ya bugi hancina. Shayi ne! Sabon ƙaho ta sa aka gyara domina, giya ba ta taɓa shiga cikinsa ba.

Don daɗi na rusuna na karɓa da hannu biyu, yadda kika hore ni. Wuri ya kaure da shewa. Ashe a can ba a taɓa ƙahon, wanda ya taɓa sai ya shanye duka. Ƙahon kuwa ya kai tsawon damtsena! Na yi bismilla na kafa kai, gumi na zuba, mata na tafi, har na ga ƙarshensa.

Tsohuwar ta goge mini baki da hannun rigarta, ta ja ni cikin gida da kanta. Rabona da a goge mini baki tun hannunki, Inna. Nan na yi kuka, suka ɗauka zafin citta ne.

Allah ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara, ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.

Taki har kullum,
Ramatu